Jinjina Ga Sarkin Ban-Gani-Ba

Yabon gwani ya zama dole, kuma butulci ba halin mutanen Kontagora ba ne. Garin da Umaru Nagwamatse, jikan Shehu Usmanu, ya kafa ya san darajar maza, ya kuma san yadda ake yi musu kirari. Shi ya sa nake mamakin yadda wani gwarzo ya daɗe da sauka a garin nan, yana zaune cikin laftof ɗin 'ya'yanmu, yana yi musu tarbiyya dare da rana ba albashi ba alawus, amma har yau babu maroƙin da ya ɗaga murya dominsa. Samarin da ke koyon rubuta manhaja, daga ɗaliban Jami'ar Ilimi ta Tarayya zuwa masu dawowa hutu daga jami'ar fasaha ta Minna, duk sun san shi. Wasu na kiransa CMake, wasu Make, wasu configure. Ni dai na naɗa masa rawanin da ya dace da shi: Sarkin Ban-Gani-Ba. Ranka ya daɗe, yau ranarka ce.

Ga wanda bai san aikin mai girma ba, ga shi a taƙaice. Babu mai rubuta manhaja tun daga tushe shi kaɗai. Wanda ke son manhajarsa ta matse fayil ba ya zama ƙirƙiro dabarar matsewa, sai ya ɗauko zlib, wanda Jean-loup Gailly da Mark Adler suka fitar tun 1995. Mai son kulle sirrin saƙo ya ɗauko OpenSSL. Irin wannan shiryayyen aiki na wasu shi ake kira laburare. Kafin rubutun yaro ya zama manhajar da za a danna ta buɗe, sai an sami mai zagaya kwamfutar ya gano inda kowane laburare yake, ya shaida wa mai juya rubutun zuwa harshen inji, sannan a ɗinke komai wuri guda. Zagayen nan shi ne aikin Sarki: ya nemo abin da ke cikin kwamfutar da shi kansa yake zaune a ciki. A nan kuwa baiwarsa ta bayyana, domin ba kowa aka hore wa iya kwana wuri ɗaya da abu, gari ya waye ya rantse bai taɓa ganinsa ba.

Ba a yabon mutum a bar kakanninsa. Kakan gidan shi ne Make, wanda Stuart Feldman ya rubuta a cibiyar bincike ta Bell a Amurka a 1976. Tun farko ya zo da ƙa'ida mai ban sha'awa: kowane layin umarni sai ya fara da tazarar da maɓallin Tab ke bayarwa. In ka sa tazarar da dogon maɓallin nan na yau da kullum, aiki ya tsaya cik. A kan allo kuwa duk biyun fili ne, ido ba ya bambance su. Feldman da bakinsa ya faɗa daga baya cewa ya gane matsalar da wuri, sai dai a lokacin ya riga ya tara masu amfani da abin kamar mutum goma sha biyu, bai so ya ɓata musu aiki. Dubi riƙon amana! Don kada ran mutum goma sha biyu ya ɓaci a 1976, yaron Kontagora da a shekarar ko mahaifinsa ba a yaye ba zai kwana yana farautar kuskuren da ba ya ganuwa.

Daga kaka sai 'ya'ya da jikoki. A 1991 David MacKenzie ya fara Autoconf, mai haifar da dogon rubutun nan configure da kan kai layi dubbai, ya tsare kwamfuta da tambayoyi ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda suka shafi injinan da aka daɗe da daina ƙerawa. Sai pkg-config ya biyo baya da ƙananan fayilolinsa masu faɗin mazaunin kowane laburare. A wajajen 2000 kamfanin Kitware ya fito da CMake, a cikin wani aikin manhajar hotunan asibiti da gwamnatin Amurka ta ɗauki nauyi. Kowannensu ya zo da alkawarin kawo ƙarshen wahalar da na gabansa ya jawo. Amma gida ne na ladabi, ƙarami ba ya ture babba daga kujera. CMake na rubuta wa Make takardar aiki, yana kuma aikawa a tambayo pkg-config. Yaron da ya zo koyon abu ɗaya sai ya tashi da huɗu, ba a ƙara masa ko sisi a kuɗin makaranta ba.

Babbar siffar Sarki ita ce kawaici. In ya tashi ba da labarin rashin nasara ba ya cika ka da surutu. Zai rubuto da Turanci cewa bai sami OpenSSL ba, kuma don tausayin masu raunin gani, kalmar korewar da manyan baƙaƙe yake rubuta ta. Ina ya duba? Bai ce ba. Me ya tarar a can? Sirrin fada ne. Sai ya rufe da shawara mai tsada: ka je ka gano inda laburaren yake, ka rubuto masa adireshin, shi kuma nan take zai samo maka. Duk wanda ya taɓa bin fayil ɗin fanshon mahaifinsa ya san irin wannan ma'aikaci. Fayil na kan tebur, gwiwar hannunsa na danne da shi, ya dube ka da idon tausayi ya ce, "Alhaji, fayil ɗin nan fa ba a gan shi ba, sai dai in ka san lambar kantar da aka ajiye shi." Inda Sarki ya fi shi shi ne ba ya karɓar na goro. Ko ka so bayarwa don a hanzarta, babu hannun karɓa. Kuma kada wani ya ce ba ya jin koke. A 2020, a bugu na 3.17, shekara ashirin bayan haihuwarsa, ya amince da wani umarni, --debug-find, da ke sa shi ya lissafo duk inda ya leƙa. Ba ya dai ambatonsa a cikin saƙon kuskuren, domin ilimi ba ya zama a kan wanda bai sha wuya ba.

A kowane shagon koyon kwamfuta da ake taɓa wannan aiki, hirar kusan ɗaya ce.

"Oga, wallahi na sa shi, ga shi nan ina kallonsa, amma wai babu."

"Ka sa na dev?"

"Wane ne kuma na dev?"

"To ka ji. Je ka duba dai. Ni a tawa yana aiki."

Abin da oga bai sami sukunin bayyanawa ba shi ne, a Ubuntu da Debian ana raba laburare gida biyu. Rabi na farko shi ne wanda manhaja ke buƙata in tana gudu, na biyu kuma shi ne fayilolin bayani da ake buƙata in ana harhaɗa ta. Yaro ya rubuta openssl, kwamfuta ta ce masa ai yana nan tuntuni, Sarki kuma ya ce babu. Dukansu gaskiya suka faɗa, abin da ya yi ƙaranci a zamanin nan. Wanda ake nema sunansa libssl-dev. In kuwa Fedora yaron ya girka, sunan ya koma openssl-devel. Hikimar a fili take: da suna ɗaya ne ko'ina, da me oga zai fi yaronsa?

Haka abin yake wajen kira. Mai neman zlib a wurin CMake sai ya rubuta ZLIB da manyan baƙaƙe zalla. Mai neman Boost, baƙin farko kaɗai ne babba. OpenSSL kuwa gauraye ake kiransa, amma adiresoshinsa da manya zalla suke dawowa. A Linux, inda babban baƙi da ƙarami ba su zama ɗaya ba, kuskuren baƙi guda ya isa a ce ba a san da zamanka ba. Mazauni ma ba a takura wa kowa ba. Wani laburare na /usr/lib, wani na /usr/lib64, na Debian ya shige /usr/lib/x86_64-linux-gnu, wanda ka harhaɗa da hannunka ya tare a /usr/local/lib. Da Apple ta fito da sababbin kwamfutocinta a 2020, Homebrew, mai girka musu laburarori, ya kwashe kayansa ya koma /opt/homebrew. A Windows kuma babu ma wurin da aka yi ittifaƙi a kai, kowa inda dare ya yi masa. Masu cewa duniya ta rasa 'yancin walwala ba su leƙa cikin kwamfuta ba.

Sai riƙon alkawari. Da zarar Sarki ya gano wani laburare, ko da tsoho ne da ba shi ake so ba, zai rubuta adireshinsa a kundinsa mai suna CMakeCache.txt, kuma ya gama nema ke nan. Ka sauko da sabo, ka girka, ka nuna masa hanya da yatsa, zai koma wa tsohon abokinsa, domin ba a san shi da yada zumunci ba. Wasu gwaje-gwajen ma in ya yi sau ɗaya suka faɗi, haka zai riƙe sakamakon ko ka gyara abin da ya kayar da su. Maganin da manyan masana duniya suka haɗu a kai, bayan shekara da shekaru ana nazari, shi ne ka goge foldar ginin ɗungurungum ka fara daga farko. A kan laftof na hannu da ya gama aikinsa a Turai kafin ya iso mana, harhaɗa babban laburare irin OpenCV kan ci sa'o'i. Malamai sun daɗe suna wa'azin haƙuri samari na gyangyaɗi. Sarki bai taɓa hawa mumbari ba, amma ya fi su ɗalibai.

Fadawansa ma ba baya ba. Akwai waziri mai ɗinki, wanda ake kira ld, mutum mai son tsari. Yana karanta jerin sunaye daga hagu zuwa dama, kuma in ka gabatar masa da wani nau'in laburare kafin ka gabatar da mai buƙatarsa, zai dube shi, ya ga babu wanda ya tambaya, ya wuce. Can gaba in buƙatar ta taso ba ya waiwaye, sai ya zubo maka jerin sunayen da ya ce bai san ma'anarsu ba. In ka tsallake waziri, manhaja ta haɗu, ka yi hamdala ka danna ta, sai sarkin dogarai ya tare ƙofa: laburaren da aka yi ɗinkin da shi yanzu-yanzu, shi bai gan shi ba, don ba a sabunta nasa kundin da ldconfig ba. A Windows ɗan akwati ne zai ɓullo ya ce wani fayil na DLL ya ɓace, ya ba ka shawarar ka sake girkawa. Ofis uku, kundi uku, babu mai leƙa na wani. Wannan shi ne raba iko na gaskiya, wanda tsarin mulkin ƙasashe da yawa ya kasa.

Masu hassada ba sa son a faɗi gudummawar Sarki ga tattalin arzikin Kontagora. Jiharmu ta Neja ce ke ɗauke da madatsun Kainji da Shiroro da Zungeru. Kainji kaɗai, da aka kammala a 1968, an sa mata injinan megawat 760. Sai dai wutar ita ma mai kawaici ce, takan bi ta saman kanmu ta tafi gaida na nesa. Saboda haka harhaɗawar da ta kai kashi casa'in batir ya mutu ba asara ba ce. Mai shagon caji ya samu. Mai janareto ya samu. 'Yan bumburutu, waɗanda galan ɗinsu ya ƙara daraja tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, sun samu. Ɗan koyon Python a Windows da ya nemi ɗan ƙaramin laburare, aka ce sai ya fara sauko da kayan harhaɗawa na Microsoft masu nauyin gigabait da dama, shi ma ya tallafa wa mai sayar da data, musamman tun da hukumar sadarwa ta ƙasa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025. Kuɗin da mahaifinsa ya samu a buhun masara ya zaga gari, kowa ya lasa. Ko manhajar ba ta tashi ba, kasuwa ta tashi.

Har ibada yana taimakawa. Tsarin zamani shi ne a riƙa sauko da laburarori daga intanet ana tsakiyar harhaɗawa, bisa kyakkyawan zaton cewa intanet, kamar iska, ba ta yankewa a ko'ina. Ranar 14 ga Maris 2024, kwanaki kaɗan da kama azumi, wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma. Duk wanda aikinsa ya dogara da wannan zato ya rufe laftof ya tafi tafsiri da wuri.

Kada a ɗauka mu kaɗai ake yi wa wannan alheri. A Maris 2016 wani mai rubuta manhaja, Azer Koçulu, ya yi saɓani da kamfanin Kik a kan suna, ya janye ayyukansa sama da 250 daga rumbun npm. Cikinsu har da left-pad, layi goma sha ɗaya kacal, wanda aikinsa shi ne cike gurbi a hagun rubutu. Nan take harhaɗa manyan ayyuka irin Babel ta tsaya a faɗin duniya, sai da masu rumbun suka mayar da shi. Injiniyan da ke karɓar albashi da dala ya ɗanɗana na 'yan sa'o'i abin da namu ke ci kullum. In ba a fadar Sarki ba, ina ake samun irin wannan daidaito? Kafin nan, a Afrilun 2014, da aka gano ɓarakar Heartbleed, duniya ta farga cewa OpenSSL, da bankuna da manyan kamfanoni ke jingine da shi, gudummawar da yake samu a shekara ba ta wuce kimanin dala 2,000 ba. Tsimi ke nan. Me zai sa a biya mai riƙe da ginshiƙi, alhali yana riƙe da shi kyauta?

Amma ranar da darajar kawaici ta fi fitowa ita ce 29 ga Maris 2024, lokacin da Andres Freund, injiniya a Microsoft, ya bayyana abin da ya gano bayan ya lura shiga wata kwamfuta daga nesa ya ƙara jinkirin rabin daƙiƙa. Wani mai amfani da sunan Jia Tan ya shafe sama da shekara biyu yana taya Lasse Collin, ɗan sa-kan da ke kula da xz, wata manhajar matse fayil, har ya sami amana, sannan ya dasa ƙofar ɓarayi a bugu na 5.6.0 da 5.6.1. A ina ya ɓoye makullin? A cikin rubutun harhaɗawa, wurin da ya tabbata babu mai karantawa. Har ma a fayil ɗin CMake na aikin ya ɗiga aya guda a cikin wani ɗan gwaji da ke duba ko kwamfuta na da wata kariya mai suna Landlock. Ayar ta sa gwajin ya faɗi a kowace kwamfuta, Sarki ya rubuta cewa bai ga kariyar ba, aka ci gaba da gini babu ita. Babu wanda ya ɗaga gira, domin an horar da duniya shekara da shekaru cewa "ban gani ba" magana ce ta yau da kullum, ba a tambayar dalilinta. Ranka ya daɗe, ka kai matsayin da ko ɓarawo da shaidarka yake fakewa.

Wanda ya zarge shi da riƙo da tsohon yayi ma ya sha kunya. A Maris 2025 CMake 4.0 ya fito, ya daina sauraron duk aikin da ya rubuta cewa ya dogara da bugun da ke ƙasa da 3.5. Ɗimbin tsofaffin laburarori da ba su yi laifin komai ba, waɗanda masu su suka daɗe da kama wata sana'a, suka wayi gari ba sa haɗuwa. Kaka ya riƙe kuskure kusan shekara hamsin don kada ya ɓata wa kowa, jika ya ɓata wa jama'a a dare ɗaya don kada ya riƙe tsohon kaya. Duk ta inda ka ɓullo, gidan na da hujja. Masu kawo ɗauki kuma ba su yanke ba: ga Conan, ga vcpkg na Microsoft tun 2016, ga Meson, ga Bazel, kowanne da nasa littafin koyo. Docker, da ya fito a 2013, shi ya fi kowa gaskiya. Tunda abin a kwamfutar oga kaɗai yake aiki, sai a naɗe kwatankwacin kwamfutar ogan gaba ɗaya a aiko maka, kai kuma ka sayi datar saukewa.

Na san abin da 'yan adawa ke cewa. Wai saƙon kuskure ya kamata ya faɗi abu uku a fili: ga inda na duba, ga abin da na tarar, ga dalilin da na ƙi shi. Wai mai fitar da manhaja ya rubuta takamaiman bugun kowane laburare, ya kuma gwada harhaɗa ta a kwamfutar da ba tasa ba kafin ya saki. Wai manyan makarantunmu su ajiye kwafin rumbunan laburare a kwamfuta ɗaya cikin harabarsu, ɗalibai ɗari su daina sauko da abu ɗaya sau ɗari. Wai a koyar da harhaɗawa a aji kamar yadda ake koyar da rubutun kansa, maimakon a bar yaro ya tsinta a hanya. Wai kamfanonin da ke cin riba da aikin 'yan sa-kai su biya su. Duk maganganun ragwaye ne. In aka bi tasu, yaro zai zauna da hantsi, kafin azahar manhajarsa ta tashi, ya je ya warware matsalar wani manomi ko ɗan kasuwa. Sannan wa zai san ya yi karatu mai wuya?

A 2023 ma'aikatar sadarwa ta tarayya, ƙarƙashin Bosun Tijani, ta ƙaddamar da shirin horar da matasa miliyan uku a fannin fasaha. Miliyan uku fa! Ina za a kai su in duk suka iya? A nan Sarki ke yi wa ƙasa hidimar da ba a rubuta masa a takardar aiki ba. Ba ya duban basira, ba ya duban ƙwazo. Yana tace su ne da abin da ya fi sauƙin aunawa: wa ke da wutar da ba ta ɗaukewa, wa ke da datar da ba ta ƙarewa, wa ke da yaya a Abuja da zai kira da tsakar dare. Sauran sukan rufe laftof a hankali, su sayar, su kama sana'ar POS a bakin kasuwa. In ka tambayi ɗayansu me ya faru da karatun kwamfuta, ba zai ambaci CMake ba, ba zai ambaci waziri ko sarkin dogarai ba. Zai sunkuyar da kai ya ce, "Malam, ni ne dai kaina bai ja ba."

Wannan ita ce nasarar da ta fi duk sauran. Masu mulki da yawa sun kasa aikin da aka ɗora musu, amma sai da suka ɗauki masu magana da yawunsu, suka sayi fili a rediyo, kuma duk da haka talakawa suka gane. Kai kuwa ka kasa aikinka a gaban idon mutum, ba ka ɗauki kakaki ba, ba ka ba da haƙuri ba, shi ya tashi yana ba ka haƙuri. Allah ya ja zamanin Sarki, ya kuma tsare mu da ranar da 'yan siyasarmu za su gano inda kake koyarwa.